Tambaya da Amsa: An Sallame Ni Saboda "Rashin Ƙoƙari", Ina Matsayin Kuɗin Notis Ɗina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Na shekara shida da wata huɗu ina aikin akawun sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Sharaɗa a Kano. A ƙarshen watan jiya aka kira ni ofishin kula da ma'aikata, aka miƙa mini takarda cewa an sallame ni daga wannan rana saboda aikina bai kai yadda ake so ba. Tunda nake a wurin ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ko ta gargaɗi ba, in ban da sau ɗaya da manaja ya yi mini faɗa da baki a kan jinkirin haɗa lissafin ƙarshen wata. Takardar ɗaukata aiki ta ce duk ɓangaren da zai raba gari da ɗan'uwansa zai ba da notis na wata ɗaya, ko ya biya albashin wata ɗaya a madadinsa. An biya ni albashin watan da na yi wa aiki, amma da na tambayi kuɗin notis sai jami'in ya ce wannan na wanda aka rage ne ba da laifinsa ba, ni kuwa gazawata ce ta jawo. Albashina naira dubu 150 ne, gundarinsa dubu 80, sauran kuma alawus ne na gida da sufuri. Ina da iyali, kuma ban san ko maganarsa gaskiya ba ce. Ku taimaka mini da bayani.

Daga wani mai karatu a Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Bisa abin da ka bayyana, maganar jami'in nan ba ta da madogara a doka, kuma kana bin kamfanin kuɗin notis. Ya cakuɗa abubuwa biyu ne da doka ta raba tsakaninsu, wato sallama da kora, kuma a kan wannan rabuwar amsarka gaba ɗaya take zaune.

Sallama ita ce ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ya kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki ta hanyar da yarjejeniyar kanta ta shimfiɗa, kuma hanyar nan a wurinka ita ce notis na wata ɗaya ko kuɗinsa. Kora kuwa hukunci ce, ana yanke ta ne a kan ma'aikacin da ya aikata babban laifi irin wanda ke rusa amanar da aikin ya ginu a kanta, kamar sata, ko almundahana, ko dambe a wurin aiki, ko tona asirin kamfani, ko bijire wa halastaccen umarni da gangan, ko ƙaurace wa aiki ba da izini ba. Wanda aka kora a kan irin wannan shi ne ke tafiya ba notis ba kuɗin notis, kuma ko shi ɗin ma kotuna sun daɗe suna cewa dole ne a fara sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi damar kare kansa, ko da ta hanyar takardar tuhuma ce da amsarta. Jinkirin haɗa lissafi, ko rashin cimma adadin cinikin da aka gindaya, ko aiki a sanyaye, duk ba su cikin wannan aji. Wanda ya kasa daban yake da wanda ya ci amana, kuma mai kamfanin da ya gaji da wanda ya kasa yana da damar rabuwa da shi, amma sai ya biya farashin rabuwar da shi da kansa ya sa wa hannu.

Akwai togaciya ɗaya da ya kamata in ambata don kada in yi maka romon baka. Idan gazawar ta kai matsayin mummunan sakaci, misali akawun sito ya bar ƙofa a buɗe da dare har aka kwashe kaya, ko mutum ya yi ƙaryar ƙwarewar da ba shi da ita don ya sami aikin, kotu na iya ɗaukar wannan a matsayin babban laifi. Takardarka ba ta faɗi komai mai kama da haka ba. Ta ce an sallame ka, ta ce aikinka bai gamsar ba, kuma kamfani ba zai zo daga baya ya mayar da takardar sallama ta zama ta kora don kawai ya tsira da albashin wata ɗaya ba.

Madogararka biyu ce. Ta farko ita ce Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1974, kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 11 ya ƙayyade mafi ƙarancin notis gwargwadon daɗewar mutum a aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya kai shekara biyu amma bai kai biyar ba, sai wata ɗaya ga wanda ya shekara biyar ko fiye. Sashen ya ƙara da cewa duk notis ɗin da ya kai mako ɗaya dole ya kasance a rubuce, ba a lissafa ranar da aka miƙa shi a cikin wa'adin, kuma ana iya karɓar kuɗi a madadinsa. Kai da ka haura shekara shida, wata ɗaya ne rabonka. A ganina wannan ma'auni ya tsufa ƙwarai, domin wanda ya yi wa kamfani bauta shekara ashirin ma wata ɗayan nan ne doka ta tanadar masa, amma dai shi ne abin da ke ƙasa a yanzu.

Wannan doka ba kowane ma'aikaci ta rufa ba, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Sashe na 91 ya taƙaita ta ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ya fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da zartarwa da masu aikin ƙwarewa na musamman. Manaja, ko injiniya, ko likita, ko lauyan kamfani, ba zai kafa hujja da sashe na 11 ba, yarjejeniyarsa ce dokarsa, idan kuma ta yi shiru a kan notis, kotu ce za ta auna wa'adin da ya dace da matsayinsa. Kai akawu ne, don haka kana ciki. Ko da ma ba ka ciki, madogara ta biyu ta wadatar da kai, wato takardar ɗaukarka aiki, wadda ta yi alkawarin wata ɗaya ba tare da ta ware wanda aka sallama saboda gazawa ba. Inda yarjejeniya ta ba da wa'adin da ya fi na doka tsawo, ita ake bi. Inda ta ba da wanda bai kai ba, na doka ne ke aiki ga wanda dokar ta rufa.

Sai maganar nawa ne kuɗin, kuma a nan ne nake tsammanin za ku ja da su. Ƙaramin sashe na 9 na sashe na 11 ya ce idan za a lissafa kuɗin da ake biya a madadin notis, ba a sa kuɗin obataim da sauran alawus-alawus a ciki. Idan kamfanin ya tsaya a kan wannan, naira dubu 80 zai ce kana binsa. To amma ka koma ka karanta takardarka da kyau, kalma bayan kalma. Wasu kamfanoni suna rubuta gundarin albashi ƙarara, kuma idan haka aka rubuta magana ta ƙare. Idan kuwa cewa kawai aka yi albashin wata ɗaya, kamar yadda ka kawo, kana da hujja mai ƙarfi ta neman dubu 150 cif, domin albashinka shi ne abin da ke shiga asusunka duk wata, kuma da an bar ka ka yi aikin watan notis ɗin, abin da za a biya ka ke nan. Kamfanin shi ya tsara takardar, kuma ƙa'ida ce sananniya a fassarar yarjejeniya cewa inda lafazi ya ɗauki ma'ana biyu, ana karkatar da shi ne ga cutar wanda ya rubuta. Shawarata ita ce ka nemi cikakken albashin.

Lokacin biyan ma yana da hukuncinsa. A wata shari'a tsakanin kamfanin Shell da wani ma'aikacinsa, Kotun Ƙoli ta bayyana a 1993 cewa wanda ya zaɓi biyan kuɗi a madadin notis dole ya biya a daidai lokacin da yake sallamar, bai isa ya rubuta a takarda cewa za a biya wata rana ba. Ke nan tun ranar da aka miƙa maka takardar nan babu kuɗin, kamfanin ya riga ya saɓa yarjejeniya. Wannan ba ya nufin kotu za ta mayar da kai bakin aikinka, domin a kamfanoni masu zaman kansu kotu ba ta cika tilasta wa mai aiki riƙe wanda ba ya so ba. Mayarwa bakin aiki galibi ta ma'aikatan da wata doka ta tsara ɗaukarsu da sallamarsu ce, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yi wa wasu malaman Jami'ar Legas a 1985. Abin da irinka ke samu shi ne diyya.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, wanda nake ganin zai iya fin kuɗin notis ɗin nauyi, shi ne dalilin da suka rubuta. A tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga Ingila, mai aiki yana iya sallamar ma'aikaci da dalili mai kyau, ko maras kyau, ko ba dalili sam, muddin ya ba da notis. Amma ko a ƙarƙashin wannan ƙa'idar, kotuna sun ce idan har ya buɗe baki ya faɗi dalili, to nauyin tabbatar da shi yana wuyansa. Kamfaninka ya ce ba ka ƙoƙari, saboda haka idan aka je gaban alƙali, za a tambaye shi ina ma'aunin da aka gindaya maka, ina takardun auna ƙwazo na shekara-shekara, ina gargaɗin da aka yi maka, kuma wane lokaci aka ba ka ka gyara. Faɗan baki sau ɗaya a shekara shida ba zai amsa waɗannan tambayoyi ba, musamman idan a tsawon lokacin an taɓa yi maka ƙarin albashi ko an ba ka takardar yabo.

Al'amarin ya ƙara ƙarfi tun bayan gyara na uku da aka yi wa tsarin mulki a 2010, wanda ya shigar da sashe na 254C, ya keɓe wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin shari'un ƙwadago, ya kuma ba ta ikon duba rashin adalci a wurin aiki da yin la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Da wannan iko kotun take jingina da Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, duk da cewa Nijeriya ba ta rattaba mata hannu ba. Yarjejeniyar ta ce ba a sallamar ma'aikaci sai da ingantaccen dalili da ya shafi iyawarsa, ko halayyarsa, ko buƙatar gudanar da kamfanin, ta ce a ba shi damar kare kansa kafin a sallame shi a kan halayya ko ƙwazo, ta kuma ce yana da haƙƙin notis ko kuɗinsa sai dai idan babban laifi ya aikata. Shawara ta 166 da ke rakiyarta ta yi magana kai tsaye a kan irin matsalarka, inda ta ce kada a sallami mutum saboda aikinsa bai gamsar ba sai an nuna masa yadda ake so, an gargaɗe shi a rubuce, an ba shi isasshen lokaci, sannan ya ci gaba da gazawa. Akwai shari'un da Kotun Ma'aikata ta ba da diyyar da ta zarce kuɗin notis nesa ba kusa ba, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taɓa tabbatar da diyyar albashin shekara biyu a 2020, sai dai a can zargin rashin gaskiya ne aka jingina wa ma'aikacin aka kasa tabbatarwa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin alkawari. Kuɗin notis bashi ne bayyananne, diyyar da ta wuce shi kuwa tana hannun alƙali, kuma tana bin hujjojin da kowane ɓangare ya gabatar. Masu karatunmu na Maraɗi da Damagaram su lura cewa wannan bayani na Nijeriya ne, Nijar tana da nata kundin ƙwadago na 2012, kuma ita ta amince da Yarjejeniya ta 158.

Yanzu abin da za ka yi shi ne ka tattara takardar ɗauka, da ta tabbatar da kai a aiki, da ta sallama, da takardun albashi ko bayanan asusunka na banki, da littafin ƙa'idojin ma'aikata idan an taɓa ba ka. Ka rubuta wa shugaban kamfanin wasiƙa cikin ladabi, ba zagi ba barazana, ka kawo sakin layin da ya yi maganar notis, ka faɗi adadin da kake nema, ka ba su kamar mako biyu, ka kuma tabbatar an buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Ka haɗa da sauran haƙƙoƙinka, wato kuɗin hutun shekara da ba ka ci ba, da garatuti idan yarjejeniyarku ta tanade shi, domin shi garatuti a kamfani mai zaman kansa alkawari ne ke wajabta shi. Ka duba asusunka na fansho ka ga ko ana zuba kashi 8 da ake yanka a albashinka da kashi 10 na kamfani, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Dokar nan ta kuma yarda wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, ya ciri har kashi 25 na abin da ke asusunsa, kuma wannan zai iya rage maka zafi.

Idan suka yi biris, ka kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, jami'ansu suna kiran ɓangarorin biyu su sasanta, kuma ƙananan basussuka irin wannan sau da yawa a nan suke ƙarewa. Idan kana cikin ƙungiyar ƙwadago, ka shigar da ita tun da wuri. Kotun Ma'aikata tana da reshe a Kano, tana kuma da cibiyar sulhu, amma ka yi lissafi kafin ka shigar da ƙara, kada kuɗin lauya da zirga-zirga su cinye abin da kake nema. Ka kuma yi hattara da duk takardar da za a ce ka sa wa hannu kafin a ba ka kuɗi, musamman mai cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka ba ka da sauran magana, domin akwai hukunce-hukuncen da suka ɗauki irin wannan karɓa a matsayin yarda da sallamar. Idan buƙata ta matsa maka ka karɓa, ka rubuta a jiki cewa ka karɓa ne ba tare da yafe sauran haƙƙinka ba.

TAMBAYA

Barista, ina aikin nemo masu ajiya a wani banki a Kaduna. Na kasa cika adadin da aka ɗora mini wata uku a jere, sai shugabata ta ce in rubuta takardar ajiye aiki da kaina don kada sunana ya ɓaci. Ban rubuta ba tukuna. Me kuke gani?

Daga wata mai karatu a Kaduna

AMSA

Malama, gara da kika tambaya kafin ki rubuta. Wanda ya ajiye aiki shi ne ke ba da notis, don haka da zarar kin rubuta cewa kin ajiye daga yau, kin sauke wa bankin nauyin biyanki, har ma yana iya cewa ke ce za ki biya shi albashin wata ɗaya ko ya cire daga haƙƙoƙinki. Gaskiya ne Kotun Ma'aikata tana ɗaukar murabus ɗin dole a matsayin sallama a fakaice, amma ke ce za ki tabbatar da cewa tilasta miki aka yi, kuma umarnin da aka bayar da baki a ofishin da ba kowa yana da wuyar tabbatarwa. Ki roƙi shugabar taki cikin girmamawa ta sa maganar a rubuce, ko ke ki aika mata saƙon imel kina maimaita abin da ta faɗa miki da ranar da ta faɗa. Idan kin ga tafiyar ta fi miki, ki yi ciniki, a rubuta cewa za a biya ki kuɗin notis da sauran haƙƙoƙinki kuma a ba ki takardar shaidar aiki mai tsabta, sannan ki sa hannu. Ki kuma duba sunan wanda ke saman takardar ɗaukarki, domin yawancin masu irin aikinki wani kamfani ne na daban ya ɗauke su ya tura su banki, kuma shi za ki fara fuskanta da buƙatarki.

TAMBAYA

Ranka ya daɗe, ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Akwai yaron da nake biya albashi duk wata, shekararsa uku a wurina, ba mu taɓa rubuta komai ba. Ya yi sanyi ƙwarai, ina so in sallame shi. Shi ma sai na ba shi notis?

Daga wani ɗan kasuwa a Kano

AMSA

Ƙwarai kuwa Alhaji. Rashin takarda ba ya soke yarjejeniyar aiki, domin doka ta amince da wadda aka ƙulla da baki, hasali ma sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ɗora wa mai aiki nauyin ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Dokar ta fitar da iyalan mai aiki daga cikin waɗanda ta rufa, amma idan yaron ba ya cikinsu, shekara uku tana ba shi notis na mako biyu a rubuce, ko kuɗin mako biyu a hannu ranar da zai tafi, tare da duk albashin da yake binka. Kafin nan ina ba ka shawara ka zaunar da shi gaban wanda ya kawo maka shi, ka faɗa masa inda yake gazawa, ka ba shi wata guda ka gani. Idan bai gyara ba, ka rubuta ranar sallama da adadin da ka biya a takarda ɗaya, ku duka ku sa hannu tare da shaida, kowa ya riƙe kwafi.